Mun Je Ɗauko Zulai

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da wani abokina malamin sakandare, a tsohuwar motata da ba ta tashi sai an lallashe ta. Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Wani ƙauye za mu a bayan Basirka, mu ɗauko Zulai, jikar gwaggota, marainiya mai ciwon sikila. Gyambo ne ya fito mata a idon sawu ya ƙi warkewa. Na samu wani likita a Birnin Kudu, ya ce in kawo ta washegarin tafiyar tamu, kafin abin ya kai ƙashi. Har matashin kai na jefa a kujerar baya don ta ɗora ƙafar.

Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai dama da hagu. A Birnin Kudu muka karya da koko da ƙosai, ga duwatsun garin nan sun yi baƙi da ruwan da aka kwana ana yi. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu, kuɗin kuwa bai ƙanƙance ba.

Abokina da littafi ya taho, wani ƙagaggen labari na Turanci, kuma shi mutum ne da ba ya iya karatu shi kaɗai. Tun daga Wudil yake zuba min. Wai wata ƙasa ce da gwamnati ta ƙwace haihuwa ta riƙe a hannunta. Ana auna jinin kowa, a ware na kirki kamar yadda manomi ke ware zangarniyar iri. Mai ciwon gado in ya je asibiti, allura za a yi masa ya daina haihuwa har abada, yaransa kuma a kwashe su zuwa wani gida da ba a dawowa. Ya ce ba lafiyar jama'a ce ta dami masu mulkin ba, wanda ya riƙe izinin haihuwa ya riƙe wuyan kowa. Ni dai ramukan da ke bayan Gwaram nake kauce wa, ina cewa to.

A Basirka muka bar motar muka hau babura, don hanyar ƙauyen ta zama taɓo. Gwaggo ta tarbe mu da dambun zogale. Zulai na kwance a tabarma, ta rame, amma da ta ji za ta shiga mota sai da ta yi murmushi.

A ƙauyen nan, baƙon birni ba ya tsira sai ya zauna ƙofar gida bayan la'asar ya ba da labarin abin da duniya ke ciki. Ina ciki ina wanke wa Zulai ƙafa, dattawa suka kewaye abokina, ga littafi a hannunsa, ana ta Malam, Malam. Shi kuwa ya samu ɗalibai, ya shiga ba su labarin littafin. Abin da bai sani ba shi ne, a nan ƙarya tana da sallamarta. In tatsuniya ce, sai ka ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san inda aka dosa. Abin da malami ya buɗe littafi ya faɗa kuwa, ba a yi masa musu. Ko da na fito ya kai wajen allurar. Na yi maza na ce ƙirƙira ce, dattawa suka gyaɗa kai irin na kara. Ban lura Gwaggo na bayan zana tana tankaɗe ba.

Da gari ya waye babu Zulai. Tun da jijjifi Gwaggo ta ɗora ta a babur zuwa wajen wasu dangi ta wajen Zandam, ta kuma ƙi faɗin gidan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Abokina ya durƙusa yana rantsuwa cewa ƙasar ma babu ita, wani ne ya zauna ya ƙaga.

Gwaggo ta bari ya gama, sannan ta ce, "Malam, ko ƙaga shi aka yi, wanda ya ƙaga ya san mutane. Yayyen Zulai mata biyu ga su can a ɗaki, lafiyarsu ƙalau, ba wanda ya taɓa sallama da su. Wai jinin gidanmu ba shi da kyau. Ranar da muka binne ƙanenta, wata ta zo gaisuwa ta ce Allah ne ya rage min wahala."

Ta juyo gare ni. "Waɗanda muke cin tuwo tare ke nan, ɗan nan, su da ba su da allura. Kai kuma kana so in miƙa ta ga masu allura."

Na faɗa mata likitan mutumin kirki ne, ƙafar kuma ba za ta jira ba. Ta ce ta ji. Muka je wajen liman, ya yi alkawarin zai lallashe ta a hankali.

Muka kamo hanyar dawowa. Abokina ya cusa littafin ƙarƙashin kujera. Mun wuce ƙofar asibitin daidai lokacin da ya kamata a ce muna kan layi, ban ko rage gudu ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan mai ɗaci ne. Labarin da mu 'yan birni ke karantawa mu yi muhawara mu watse, akwai gidan da ya riga ya shiga tun ba a rubuta shi ba, kuma ba gwamnati ce ta kai shi ba. Mun iso Kano lafiya bayan magariba. Kullum sai na kira liman, kullum sai ya ce a ƙara haƙuri. Matashin yana nan a kujerar baya, na kasa cire shi.