Ranar da Na Kai Kawu Kallon Karkatattun Gidaje

A shekarata ta biyu a Alƙahira na fara shiga silima, kuma ban taɓa shiga a ɓoye ba. Lokacin ina zaune a unguwar Hayyus Sabi', mu huɗu 'yan mata a gida ɗaya, duk karatun addini ya kawo mu. Kawuna, ƙanin Inna mahaifiyata, yana digirinsa na uku a fiƙihu, gidansa ba nisa da namu. A hannunsa Baba ya damƙa ni, shi kuwa ya riƙe amanar nan da hannu bibbiyu.

Wata Bamisiriya ce ta jawo ni, wadda muke koyon rubutun Larabci na ado tare a wajen wani tsoho. Ta ce ran Alhamis za a nuna wani tsohon fim na Jamusawa a unguwar Zamalek. Na ce ni da ba na jin Jamusanci, me zan je yi? Ta yi dariya ta ce, "Ai babu mai magana a ciki. Yalla, ki zo ki ga yadda ake rubutu da haske."

Shekarar 2013 ce, garin ba ya zaune lafiya, ana dokar hana fita, shi ya sa aka dawo da kallon bayan azahar. Ɗakin ƙarami ne, a ƙasan wani tsohon bene, yana warin ƙura da shayi. Mutanen ciki ba su cika rabin kujerun ba. A gefe wata dattijuwa mai farin gashi ta zauna gaban piyano. Aka kashe fitilu, majigi ya haska, ta fara kaɗawa.

Labarin wata matar masunci ne da tafki ya haɗiye mijinta, ta bi shi ƙarƙashin ruwa. Amma ni ba labarin ne ya kama ni ba, garin ne. Babu gida ɗaya da ya tsaya daidai. Katangu sun sunkuyo kan lungu kamar masu gulma, tagogi sun tsuke ta sama, matakala ta hau ta hau ta ƙare a jikin bango. Sai da na ƙura ido na gane inuwar da ke kwance a ƙasa ba fitila ce ta yi ta ba, fenti ne aka shafa. Kwali ne da katako da ƙyalle, kuma ba su damu su ɓoye ba. Da matar ta shiga ruwa, sai allon ya rine shuɗi, siraran mayafai suna kaɗawa a gabanta, haske yana karyewa a fuskarta. Ban taɓa nutsewa a ruwa ba, amma na kama kaina ina riƙe numfashi.

Na fito ina ta juya abin a raina. Ni da nake auna kowane harafi da ɗigon alƙalami don kada ya kauce, ga wasu mutane tun zamanin kakannina sun karkata gari sukutum da gangan, kuma kowace karkata an auna ta. Alhamis ta gaba na koma, da ta gabanta. Na koyi duban inda haske yake fitowa kafin in dubi fuskar ɗan wasa. Na gane idan suna so mutum ya zama abin tausayi, sai su gina masa ƙofa mai tsawon dabino. Wasu finafinan sun tsufa har suna rawa, farare-fararen ɗigo na zuba kamar yayyafi, duk da haka ba na ƙifta ido.

Ba a jima ba magana ta zagaya. Wani ɗalibi ya gan ni ina fitowa, kafin mako ya kewayo an ce 'yar malam ta zama 'yar silima a unguwar Turawa. Yayarmu ta gida, wata 'yar Maraɗi da ta girme mu duka, ta ja ni ɗaki ta ce, "Ki ce ɗakin karatu kike zuwa, khalas, magana ta mutu." Na ce ba zan ce ba, don ba can nake zuwa ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a falo, littattafai jibge a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

"Abin da nake ji gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Kawu."

"Daga Zariya aka ɗauko ki, aka tsallake ƙasashe da ke, don ki zo kallon tatsuniyoyin Nasara? Aljanu da dodanni? Daga yau kin daina. Ki yi min alkawari."

Matarsa tana bakin ƙofar kicin tana yi min alama da ido in ce to. Amma na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan yi maka alkawarin da na san zan karya ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba.

Na ce, "Kai ka koya min ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Ka taɓa ganin irinsa?"

"Ni za ki kawo wa ƙa'idar usulul fiƙihu?"

"A wajenka na ji. Ka zo ran Alhamis ka gani. In ka ga haram, ka nuna min wurin da yatsa."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Ban yi zaton zai zo ba, amma ran Alhamis ina fitowa daga gida na tarar da shi a bakin titi, da farar jallabiya da hularsa, fuska a murtuke. Muka shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, muka sauka muka hau jirgin ƙasa na metro, har muka isa.

Ya zaɓi kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Fim ɗin ranar na wani maƙeri ne da ya ƙera wa garinsu ƙararrawa, duk sanda aka kaɗa ta sai matattu su leƙo ta rufin gidaje. Akwai wurin da hayaƙin maƙera ya tashi ya cika sama, sannu a hankali ya zama taron mutane masu haske, ana hango duwatsu ta cikin jikinsu. Na waiga. Kawu ya miƙo wuya gaba, carbinsa ya tsaya cak a hannu. Da ya ga ina kallonsa sai ya koma ya jingina.

Bayan an tashi muka tako har kan gada. Jiragen ruwa na wucewa a ƙasa da kiɗansu. Nan ya yi magana.

"Ban ga tsiraici ba, ban ga abin da zan ce haram ne kai tsaye ba. Amma ban ga amfani ba. Gidajen mahaukata! Wane mai hankali ne yake ganin duniya a haka?"

Na ce, "Ni na gan ta a haka."

Ya tsaya.

"Ranar da aka fita da gawar Inna, na leƙo zaure ina kallon makara. Wallahi Kawu, layinmu haka ya koma. Katangun sun rufto, hanya ta tsuke, ku masu ɗauke da ita kun yi tsawo har ba na ganin kawunanku. Na ɗauka ciwo ne ya same ni, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai a ɗakin can na ga ashe wasu ma sun gani, har sun sa katako da fenti sun gina shi."

Ya juya ya dafa ƙarfen gadar, ya daɗe yana duban ruwa. Shi ne ya riƙe gaban makarar. Na yi zaton zai sauko, amma da ya juyo sai ya ce, "Allah Ya jiƙanta. Wannan addu'a take buƙata, ba majigi ba. Maganata tana nan. Kuma zan kira mahaifinki."

Na ce, "Addu'a ina yi mata kullum. Alhamis kuma zan dawo."

Ban jira ya kira ba. Ina isa gida na buga wa Baba waya na zayyana masa komai, har abin da na faɗa a kan gada. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambaye ni ina nake sallar la'asar, na ce akwai masallaci a bayan ginin. Ya tambayi jarrabawa, na ce ban faɗi ko ɗaya ba. Ya ce shi dai abin bai kwanta masa ba, kuma ba ya son a riƙa yi da ni a bakin mutane. Na ce mutane ba su gani ba, Baba. Sai ya ce in gaishe da 'yan gidanmu, ya kashe wayar. Bai ce je ki ba, bai ce bari ba.

Kawu ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Matarsa dai ba ta fasa aiko min da tuwo ran Juma'a ba. Wasu ɗalibai suka daina yi min sallama a tashar mota, ni kuwa na ci gaba da yi musu da ƙarfi, har sai sun amsa.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan wayarmu da Baba zafi ya yi zafi, mikrobas ya cika maƙil, na yi tafiyar rabin jikina a kan kwandon wata mai sayar da ganye. Na isa a makare, jiƙe da gumi. Kuma fim ɗin ranar bai yi kyau ba ko kaɗan. Dodon ciki kamar buhun gawayi, dajin kuwa kana gani ka san ragwaye ne suka yanka kwalin. Mutane suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ƙawata ta taɓa ni ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, mu tafi." Na ce ta je, sai na zo. Na gyara zama na kalle shi har ƙarshe, dattijuwar na rufe piyanonta na tashi na tafa mata.