Kawu Mumuni da Ƙafar Ernesto

Duk wanda ya san Kawu Mumuni a garin Beltsville na Amurka ya san bai taɓa yarda akwai ɗan Adam da ba ya jin Hausa ba. Da ita yake ciniki a kanti, da ita yake ba ɗan sanda haƙuri. In ka ce ba su gane ba, sai ya ce, "Sun ji sarai, wulaƙanci ne."

To shi jami'armu ta ɗauka direban motar asibitin da ke zagaya gonakin Maryland, ana duba leburori 'yan Salbado da Meziko kyauta. Ni kuma, 'yar ƙanwarsa, ina koyon aikin jinya a motar. Na sha kunya, wallahi!

Fitarmu ta farko ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Kawu ya ja tsaki.

"Farar mota, ga tambari, ga ku da kati a wuya kamar jami'an shige da fice. Ko ni mai takardun zama na hango ku, masara zan shige!"

Kafin fita ta gaba ya cika ta da furannin roba da jan labule, ta koma tamkar motar haya ta garinmu Kumasi.

Na ce, "Kawu, motar jami'a ce fa!"

"Shi ya sa ba ta da farin jini."

Sannan ya ce shi za a fara yi wa allura, kowa ya ga babu zafi. Ashe ya fi kowa tsoro! Ina sokawa ya ƙwalla ihu, "Wayyo uwata, Rakiya ta kashe ni!" Mata suka yi ta dariya har da hawaye, suka biyo layi. Masu ciwon suga kuwa, ƙwace musu lemo yake yi ya shanye, wai taimako ne.

Ernesto ne ya gagara. Dattijo ne mai tsinkar tumatir, ga suga, ga gyambo ya ɓoye a takalmin roba. Likita ta ce in aka bar shi haka, ƙafar za a yanke. Shi kuma tsoronsa a kwantar da shi, aiki ya tafi, a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu.

Kawu ya gindaya motar a ƙofar gonar, ya jefa makulli a aljihu, ya shimfiɗa tabarma, wai ba ya tashi sai an duba ƙafar nan. Ya yi ta zazzaga masa faɗa da Hausa, Ernesto na ramawa da Sifaniyanci. Tafintarmu ta matso, Kawu ya ɗaga mata hannu.

"Koma, 'yata. Maganar manya ce."

Mai gona ya yi ta danna hon a ba shi hanya har ya gaji. Ni dai na sadaƙar aikin Kawu ya ƙare. Can sai Kawu ya tuɓe nasa takalmin, ya miƙe ƙafafunsa masu kaushi da faso.

"Ka ga nawa? Munana ne, amma biyu ne."

Ernesto ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sunkuya ya cire nasa. Daga ranar Kawu ke ɗaukarsa a tsohuwar motarsa zuwa wankin ciwo, suna tafe suna musu.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar jana'izarsa na hango Ernesto daga wajen mata. Ya kutsa cikin mazan Kumasi, ya sa kafaɗa a makara. Yana ɗingishi, amma da ƙafafunsa biyu ya raka shi. A nan ne kukan da nake ta dannewa ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Amin.