Saniyar da Ta Ga Washin Wada

Duk wanda ya ci nama a garin Garwa zamanin mulkin Ahijo, da wuya a ce bai ci yankan Wada ba. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Kano, amma shi wuƙa ya gada, da wani dutsen washi da ya lotsa a tsakiya kamar tafin hannu. In ka yaba gwanintarsa sai ya ce, "Hannu ma wasa shi ake yi. Ran da ka bari, ran nan ya dakushe."

Doka ɗaya ubansa ya bar masa: ba a wasa wuƙa dabba na kallo. "Ta san ƙarfe," in ji tsohon, "kada ka kashe ta sau biyu." Shi ya sa kowace safiya Wada kan zagaya bayan katangar mayanka shi kaɗai, ya jiƙa dutse, ya wasa, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya ɓoye wuƙar cikin riga kafin ya fito.

Mahamman, abokin sana'arsa, ba ya barinsa ya huta. "Malam Wada, wannan kunya fa? Ko saniyar surukarka ce?"

"Taka ce, shi ya sa nake raga mata."

To, tsufa ya zo masa da yanar ido. Bai gaya wa kowa ba, don in sarkin fawa ya ji, yanka ya bar hannunsa ke nan. Ai hannu ya san hanya, haka yake lallashin kansa.

Wata safiya shanun garin Banyo suka cika mayankar, har wani dillali ya ɗaure farar saniya a bayan katangar, inda ba a taɓa ɗaurewa ba. Wada ya zo, ya ga fari-fari, ya zaci zane aka shanya. Ya tsuguna ya yi ta washi har kaifi ya yi masa. Sai ya ji huci mai ɗumi a ƙeyarsa. Ya miƙa hannu, ya taɓa hanci mai danshi. Saniyar ce, jikinta rawa yake yi.

Ya fito da wuƙar a fili, ya miƙa wa Mahamman. "Karɓi. Idona ya tafi. A gabanta na wasa."

"Haba, Malam! Yi istigfari ka kama aikinka. Ba wanda ya gani."

"Ita ta gani."

Bai ƙara yanka ba. Ya koma zaurensa, mahauta na kawo masa wuƙaƙe, kuma duk Garwa ba washi kamar nasa. Sai dai ko ana zafin da kwalta ke narkewa, ƙeyarsa a naɗe take da rawani. Kafin ya jiƙa dutse sai ya laluba bayansa da hannu, ya kira matarsa.

"Iyatu, akuyar nan tana nesa?"

"Tana nesa, Malam."

Akuyar kuwa an daɗe da sayar da ita.