Ishbel Rintoul da Tuffar Sarauniya

Kafin motar burodi ta shigo Balcarrow, Ishbel Rintoul ta riga ta hau tudu da makulli a aljihun kwat ɗinta. Takan buɗe ƙofar kangon gidan sufayen Kirista, ta wanke kashin tsuntsayen teku daga kan kaburbura, ta tuge ciyawar da ta tsiro tsakanin duwatsu, sannan ta zauna a gindin bishiyar tuffa da shayinta. Da zafi baƙi kan zo ɗaukar hoto. In sanyi ya shiga kuwa, sai ta yi mako ba ta ji muryar kowa a can ba sai ta hankaki. Haka ta yi fiye da shekara arba'in. A cikin shekarun nan ta binne mijinta, ɗanta ya tafi Kanada bai dawo ba. Wannan watan ta miƙa makulli, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da hannuna ya fi sanin igiyar jirgi.

Kakanninmu sun ce wani sarkin Sikotland ne ya gina gidan don sufaye masu riga ruwan toka su riƙa yi wa jaririyarsa da ta rasu addu'a, kuma sarauniya da hannunta ta dasa tuffa kusa da kabarin. Da rikicin addini ya tashi, aka kori sufayen, aka yaye rufin. Duwatsun kuwa mutanen gari suka kwashe. Ishbel takan ce rabin gidan sufaye yana bangon kicin ɗinmu, kuma ban taɓa musa mata ba.

Tuffar ce kaɗai ta tsira, ita ma ba da kanta ba. In ka shuka ƙwallonta, wata bishiyar daban za ta fito. Sai an yanko reshe an yi masa aure da sabon gindi a ƙarshen sanyi, kafin tsohuwar ta mutu. Hannu zuwa hannu aka yi ta yi, har ya iso kan Ishbel.

Bara waccan, guguwa ta tsaga bishiyar biyu, ruɓa ta shiga. Ishbel ta yi auren rassa ita kaɗai, amma hannunta ya fara rawa, yankan bai miƙe ba, duk suka bushe. Ba ta gaya wa kowa ba. Mai kai wasiƙa ne ya gan ta zaune da busassun itatuwan a cinyarta, ya ce ya gaishe ta ba ta ji ba.

Bana reshe ɗaya ya rage mai rai. Sai ga ta ta sauko bakin ruwa, inda mu tsofaffi muke zama muna gyara wa duniya zama. Ta ce tana neman mai hannu da wuƙa. Muka mayar da abin wasa, wani ya ce ai tuffa cike take a kanti. Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan Dod Geddes, wanda ya shekara hamsin yana feɗe kifi.

"Tashi, tsohon banza," ta ce. "Bakinka ba ya da amfani, amma hannunka bai mutu ba."

Na bi su riƙe da jakar kayan aiki. Dod ya yi yanka sumul, har ta gyaɗa kai. Amma da aka zo ɗauri, sai ya ja zaren ya ƙulle tamau, yadda muke ɗaure jirgi ran iska. Yana murmushi, shi a dole ya burge.

"Dod, ba gudu za ta yi ba," in ji Ishbel. "Kwance. Riƙe ta za ka yi, ba shaƙewa ba. Bar mata wurin girma."

Ya ce a rayuwarsa bai taɓa ɗaurin da ya saki ba. Ta ce shi ya sa matarsa ta gudu. Ya kwance.

Ke ce, Ishbel, garkuwar kango, mai gadin gidan da ba rufi. Sarki ya gina ya tafi, sufaye sun yi addu'a sun watse, mu mun kwashe duwatsu. Ke kika zauna. Ba wanda ya taɓa hawa tudun nan ya tambaye ki ko kin ci abinci, kuma ba ki taɓa saukowa kin yi mana gori ba.

Yanzu tana gidan kula da tsofaffi a can cikin ƙasa, inda ba a jin ƙarar teku. Mun gode, uwar tuffa. Ku kuma mutanen Balcarrow, ƙofar tana nan, tudun bai fi ƙarfin ƙafarku ba. Dod ma ya tsufa. A samu mai sauran ƙarfi ya je ya tsaya kusa da shi ya koya, tun hannunsa bai fara rawa ba.

Ran Lahadi muka je gaishe ta, Dod ya kai mata labari cewa ɗaya daga cikin ƙananan rassan da ya yanko daga reshen ya kama, ya fitar da ganye. Ta daɗe tana kallon taga. Ta san sai an yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya, mu ma mun sani. Can ta juyo.

"Ka sassauta zaren?"

"Na sassauta," in ji Dod.