Rijiyar Ya Meram

Duk unguwar Yindiski babu wanda bai san Ya Meram ba, matar marigayi Zarami mai haƙar rijiya. Katanga ce kawai ta raba gidajenmu, don haka na san halinta ciki da bai. Tsohuwa ce siririya mai sayar da daddawa, kuma Allah ya zuba mata gudun abin kunya. Ko gari ya ƙare mata, in baƙo ya yi sallama sai ta ɗora tukunya, sannan ta zagayo ta ranta a wurina. Na sha yi mata tsiya a kan haka, ita kuwa ko a jikinta.

Rijiyar tsakar gidanta Zarami ne ya haƙa ta da hannunsa. Ita ce mafi zurfi a ɓangarenmu, kuma mun daɗe muna ɗiba kyauta. Da ruwan ya fara ja da baya sai ta sa aka yi mata murfin ƙarfe, ta garƙame da kwaɗo, wai yara suna jefa datti. Muka koma sayen ruwa wurin 'yan kura, masu turo shi a jarkoki, muna ta gunaguni.

Ana haka Terkula ya zo, wani injiniyan ruwa mutumin Binuwai, yana aiki da wata ƙungiya. Ya ce za su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi rani da damina, su zuba a kwamfuta, ita kuma ta lissafa inda ruwan ƙasa zai zauna nan gaba da inda zai gudu. Unguwar da ta fi shiga hatsari ita za a yi wa burtsatse. Mu dai muka ce namu ya samu, don wahalarmu ba a ɓoye take ba. A ɓangarenmu rijiyar Ya Meram ya zaɓa, sauran duk sun rufta.

Yaro ne mai ladabi. Ba ya faɗo wa tsohuwa haka nan, sai ya aiko tun ana gobe cewa yana tafe. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama kunu, ya zura igiyar awonsa mai yin ƙara idan ta taɓa ruwa, ya yi godiya ya tafi.

Ranar da ya kawo sakamako muka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mana taswira, ɓangarenmu shuɗi shar.

"Ku kun yi sa'a," in ji shi da Hausarsa mai karyewa. "Rijiyan Mama ba ya sauka ko tsakiyan rani. Ruwa yana nan a ƙasanku. An ba wani unguwa burtsatsen."

Mu da muke wanka da kofi?

Joda, ɗaya daga cikin 'yan kuran, yana gefe yana shan iska. Ya ce, "Oga, rijiyar Iya Meram kake nufi? Ai ni nake juye mata jarkoki a ciki duk safiyar da za ka zo. Har abokan sana'ata nake kirawa, don ni kaɗai ba na iyawa."

Sai salati ya ɓarke. Na sha ganin 'yan kura suna shige da fice a gidanta, na ɗauka wankin kalwa take yi, tunda daddawa da cin ruwa. Terkula ya dafe kai. Ya ce dole a sake awo daga farko, injin haƙa kuwa an riga an tura shi, babu mai juyo da shi bana.

Muka ɗunguma zuwa gidanta, ni a gaba, zuciyata na tafasa. Muka same ta tana tankaɗe.

"Ya Meram, me ya kai ki?" na ce. "Kin san abin da kika ja mana?"

Ta ajiye rariyar. "Baƙo ya taso takanas ya ga rijiyar Zarami, sai in nuna masa busasshen rami? Ya rubuta a kai birni cewa mijina bai iya aikinsa ba?"

Terkula ya durƙusa a gabanta. "Mama, Baba ya haƙa shi daidai. Ruwan ne ya sauka, duk garin haka yake. Da na ga babu ruwa, da ku za a fara ba burtsatsen."

Ta dube shi. Duk masifar da na kwaso sai na neme ta na rasa, tausayinta ya kama ni.

"Wato ni na kore shi," ta ce a hankali.

Ta kwance ɗan makulli daga haɓar zaninta, ta buɗe kwaɗon da kanta.

"Zo ka auna, ɗana."

Ya zura igiyar, ya yi ta saki har ta ƙare a hannunsa. Ba ta yi ƙara ba.