Malam Ma'aruf Barau Dosara da Baƙin Garin Waken Suya

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Ma'aruf a shekarar 1956 a Dosara ta ƙasar Maradun. Mahaifinsa, Malam Barau, manomi ne kuma limamin unguwa. Mahaifiyarsa Nagode mutuniyar Tsibiri ce. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya yi firamare a Maradun, sannan ya halarci makarantar koyon aikin gona.

Aiki da iyali

A 1979 aka ɗauke shi malamin gona, ya yi ta kewaya ƙauyukan Bakura da Talata Mafara a kan keke, a zamanin da mutum kan kwana duk inda dare ya riske shi ba tare da fargaba ba. Ya auri Batulu a 1981, ya yi ritaya a 2011, ya koma gonar gado.

Gwajin iri

A lokacin ƙasar Dosara ta gaji, takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Wani tsohon abokin aikinsa ya kawo masa baƙin gari mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai, wanda ake cuɗa irin waken suya da shi domin saiwa ta riƙa sama wa kanta abinci daga iska. Ya raba gonarsa huɗu: gefe ba komai, gefe takin zamani na supa kaɗai, gefe garin kaɗai, gefe kuma duka biyun.

Daminar farko ba a ga tasirin garin ba, domin irin ya sha rana kafin shuka, ƙwayoyin suka mutu. Maƙwabta suka ce malamin gona ya tsufa, ya koma shuka gawayi. A 2013 ya sake, ya cuɗa a inuwa, ya shuka da sanyin safiya. Da waken ya yi fure, sai ya tara mutane, ya tumɓuke tushe guda, ya nuna masu 'yan ƙullutun da suka lulluɓe saiwar, jajaye a ciki, ya ce, “Ku bar kallon ganye, jama'a, nan ƙasa aikin yake.” Da kaka, gefen da ya sami taki da gari ya kusa ninka wanda aka bari haka, kuma dawar da ta biyo baya ta yi kyau. Shekaru biyar zaurensa bai rabu da masu neman a cuɗa masu iri ba.

Ƙaura da rasuwa

A 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tilasta masa komawa Talata Mafara, inda nomansa ya koma kunya uku a tsakar gidan haya. Ya rasu a watan Sha'aban na 2023 bayan gajeriyar jinya. Wasiyyarsa ita ce a kai shi kusa da mahaifinsa, amma hanya ba ta biyuwa, sai aka yi masa sutura a Talata Mafara.

Ya bar matarsa Batulu da 'ya'ya huɗu: Jibirin, Taiba, Falalu da Hikima. Har yau babu wanda ya sake taka gonar a cikinsu. Allah Ya haskaka makwancinsa.