Kwandon Ƙanƙarar Kazim

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, 20 ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Muhammad Kazim na ƙauyenmu Shalgo, wanda duk kwarin nan aka fi sani da Kazim Rediyo. Ba a kan babban tsaunin Chogori ya rasu ba, ba kuma a cikin ramin ƙanƙara ba, duk da shekaru talatin da ɗoriya da ya yi yana dakon kayan masu hawan tsaunuka. An same shi ne zaune a bakin magudanar gonarsa, shebur a kan cinya, yana jiran ruwan da ya kamata ya zama rabonsa a ranar. Ruwan bai zo ba. Wanda muka yi masa wanka da shi ma a jarka aka hauro da shi daga kogi, a bayan mutane.

Na gaji, Kazim. Bari in fara da wannan, tunda kai ba a ɓoye maka. Mu bakwai muka ɗauki ƙanƙarar nan da zan zo kan labarinta, kai ne na biyar da na sa kafaɗa a makararsa. Kafaɗar da ta kai tanti da buhun gari da tukunyar gas har gindin manyan duwatsu, yanzu ba ta da aiki sai wannan. Saƙonni sun yi ta shigowa wayar ɗana daga ƙasashen baƙin da ka yi wa dako, kowa na cewa kai mutum ne mai murmushi kullum. Na gode musu, amma ba su san ka ba. Kai ba murmushi ne aikinka ba, surutu ne.

Tun muna samari muka fara, da takalmin roba da mayafin ulu, kuma daga ƙauyen Askole har inda hanya ta ƙare ban taɓa jin ka rufe baki ba. A wurin da iska ta yi ƙaranci, kowa na haki yana lallashin ƙirjinsa, kai kana ba da labarin yadda akuyar surukinka ta cinye hular liman. Wani Bajamushe ya taɓa roƙon shugaban 'yan dako a kafa masa tanti nesa da kai. Bai daɗe ba ya dawo da tantinsa da kansa, wai shirun dutsen yana ba shi tsoro.

Da safe in ana rabon kaya kowa gudun jarkar kananzir yake yi, domin tana yoyo tana ƙona baya. Sai ka duba wanda ke tari ko wanda bai saba ba, ka fizge ta daga hannunsa, ka haɗa masa da zagi don kada ya samu damar yi maka godiya: "Kawo nan, kai da wannan ƙirjin naka na kaza. In ka faɗi a hanya ai mu za ka bar wa wahala." Shekarar da guguwa ta tsare mu a sansani na sama, ƙafafuna suka daina jin komai, kai ka cire mini takalma ka cusa su cikin rigarka, a kan fatar cikinka. Kana kakkarwa kana cewa, "Fida, wannan ƙafa ce ko mushen jaki? Don Allah in mun sauka ka wanke ta, ko sau ɗaya ne a rayuwarka." Ni na sauko da yatsuna goma. Kai aka yanke maka uku a asibiti, ka ce Allah ne Ya rage maka aikin yankan farce.

Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba. Duk wanda ya zo gaisuwa gidanka ya san akwai maganar da ake kewayewa, ni kuma ina wurin, don haka zan faɗe ta.

Dusar ƙanƙarar da ke sauka a dutsen da ke bisa ƙauyenmu ta yi ta raguwa shekara bayan shekara. Magudana ta koma kafewa tun tsakiyar lokacin zafi, alkama ta bushe ba ta yi ido ba, gidaje suka fara kullewa ɗaya bayan ɗaya, masu su sun tafi Skardu ko Karachi. Sai Tsoho Mardan, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga kakanninsu sun yi, ya miƙe a masallaci ya ce a ɗaura wa ƙanƙara aure. A saro ƙanƙara namiji, mai toka-toka da tsakuwa, a saro mace, fara tas, a haɗa su a wani kogo can sama inda rana ba ta leƙawa, a lulluɓe da gawayi da ƙaiƙayi, a toshe bakin da duwatsu, a bar su shekara goma sha biyu su hayayyafa, su ba mu ruwa. Sharaɗi biyu ya kafa: kwandon da aka goyo ƙanƙarar a ciki ba zai taɓa ƙasa ba, mai ɗauka kuma ba zai furta ko kalma ɗaya ba sai an isa. Yana faɗin na biyun masallacin ya ɗauki dariya, kowa ya juyo yana kallonka.

"Kazim, kai dai zauna gida ka yi mana addu'a," in ji Mardan.

Ka ce, "Haba Baba Mardan! Shekara talatin ina hawa da kayan mutanen da ke zuwa su ɗauki hoto su sauko. Yau da za a hau don abin da za mu sha, ni za a bari a gida?"

Kaka ta yi nisa, samari duk sun tafi neman aikin sanyi a birane. Mu bakwai aka samu, duk masu furfura, kwando bakwai, babu bayan da ya rage a ce in wani ya gaza wani ya karɓa. Matarka Shahar Banu tana fama da ciwon ƙirji a lokacin, amma tana tashi tana zama. Ita ta ƙulla maka gurasa a ƙyalle, tana tsokanarka a gabana: "In dai ka iya kwana biyu ba magana, to ni ma na warke."

A rana ta biyu hanyarmu ta ratsa ta saman makiyayar ƙauye. Nan muka hango Nargis, 'yarka tilo, tana haurowa da gudu, mayafinta na jan ƙasa. Ta sha gabanka ta ce, "Baba, jikin Inna ya tashi. Tana kiranka." Ka tsaya, ka tokare kwandon da sandarka ta baya yadda muke yi in za mu huta, ka zuba mata ido. Ta ce, "Baba, kana jina kuwa? Cewa ta yi a kira ka. Ajiye abin nan mu tafi." Da ta ga bakinka bai motsa ba sai muryarta ta fashe: "Ƙanƙara ce fa, Baba! Ƙanƙara!" Ta juyo wurina ta ce, "Kawu Fida, har da kai?" Ni ma nawa kwandon na bayana, nawa bakin a ɗaure.

Duk mun san lissafin da ke ranka. In kwando ɗaya ya taɓa ƙasa, ko baki ɗaya ya buɗe, a ƙa'idar Mardan aikin duka ya ɓaci, kuma babu wanda ke da ƙarfin sake shi wata shekara. Na ga ka cije leɓe har jini ya sauko maka a gemu. Ka zare carbinka daga wuya ka sa mata a hannu, ka janye sandar, ka ci gaba da hawa. Ta bi mu tana kira har muryarta ta dushe, sannan muka daina jin ta. Washegari muka toshe bakin kogon, Mardan ya yi addu'a, kai ko amin ba ka tsaya ji ba ka gangara da gudu a kan yatsunka bakwai. A bakin ƙauye ka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina juya wannan rana a raina, har yau ban iya cewa ka yi daidai ko ka yi kuskure ba. Malamin makaranta ya ce ƙanƙara ba ta da kunne, wasu malamai suka ce al'ada ce kawai, Allah bai ɗora wa kowa ba. Wataƙila gaskiyarsu ne. Su dai ba su ne ke tsaye a kan hanyar nan da ruwan ƙauye guda a baya ba. Ni abin da na sani shi ne daga ranar surutunka bai dawo yadda yake ba. Mutane sun ci gaba da ce maka Rediyo don bakinsu ya saba. Nargis ta dafa maka, ta wanke maka, ta yi aure ta kawo maka jikoki, ba ta taɓa ɗaga maka murya ba, ba ta kuma ƙara roƙonka komai ba. Wannan ya fi ci maka rai fiye da a ce faɗa ta yi maka, na sani domin ka gaya mini.

Ba ka taɓa komawa kogon ba. Amma duk shekara, sanyi na wucewa, sai ka ɗauki shebur ka bi tsohuwar magudanar da ta nufi can kana kwashe duwatsu, kai kaɗai, don kada ruwa ya zo ya rasa hanya. Da masu ɗaukar hoto suka ji labari suka zo, suna so ka goya kwando babu komai a ciki ka yi musu tafiya, shayin gishiri ka dafa musu da man shanu, ka turo su wurina. Ni kuwa ba ni da haƙurinka, korar su na yi.

Bayan addu'ar uku, mutane sun watse, Nargis ta same ni a ƙofar gida. Ta ce, "Kawu, ina so in sani. Akwai wani abu a kogon nan, ko duwatsu kawai ya je ya jera?" Na ce mata saura shekara guda a buɗe, ba zan taɓa dutse ko ɗaya ba, amma zan je in duba daga waje.

Na hau, Kazim, da waɗannan gwiwoyin da ka sani. Hawan da a da muke gamawa kafin azahar in ba kaya ya cinye mini yini, ina zama ina tashi, babu mai zagina in ji ƙarfi. Na tarar da katangarmu yadda muka bar ta. Na sa hannu a wata kafa tsakanin duwatsu, sanyi ya bugi tafina. A ƙarƙashin katangar gansakuka ta yi kore shar, wurin da a da ƙura ce kawai, ruwa kuma yana fita siriri, bai fi na bakin buta ba. Ya ɗan gangara kaɗan ya nutse cikin tsakuwa. Ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba, ko kwamin albasa ɗaya ba zai shayar ba. Ban kuma sani ba ko ƙanƙararmu ce ta kama, ko dusar bara ce ta maƙale a wani lungu tana narkewa. Na zauna na tara shi a butar shayina har ta cika, na sauko.

A maƙabarta na same ta, domin nan ta ce in same ta. Na miƙa mata butar, na gaya mata abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba.

"Iyakarsa ke nan?" ta ce.

"Iyakarsa ke nan, 'yata."

Ta tsaya tsakanin kaburburan biyu, naka sabo, na mahaifiyarta ya kwanta ciyawa ta rufe shi. Na ɗauka naka za ta yayyafa wa, yadda ake yi wa sabon kabari. Sai ta durƙusa wajen na Banu, ta tsiyaye ruwan a hankali ta cikin yatsunta har ya ƙare. Ta ce, "Shi ya san abin da ya hau yi. Ita ce ta yi ta kira ba a amsa mata ba." Ta daɗe a durƙushe. Da za ta miƙe, sai ta dafa kabarinka da jiƙaƙƙen hannun nan, shatin yatsunta ya fito a kan ƙasar. Wannan shi ne rabonka a ruwan da ka ɗauko, ni kuma na ga ya kamata in shaida maka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nargis da maigidanta da 'ya'yansu, da ƙanwarka Gulsum, da dukan 'yan dakon kwarin nan, musamman waɗanda ka taɓa karɓar wa kaya ka zage su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan rashin.

Ya Allah, bawanKa Kazim ya zo gare Ka a gajiye. Ka sauke masa kayansa, Ka yafe masa abin da ya yi da wanda ya kasa yi, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka shayar da shi ruwan da babu ƙishi a bayansa. Ka jiƙan Shahar Banu, Ka haɗa su a gidan rahama, Ka daidaita abin da ke tsakaninsu, domin mu nan mun kasa. Ka jiƙan Mardan da sauran abokan tafiyarmu da suka riga mu.

Baɗi za a buɗe kogon. Mu biyu muka rage cikin bakwai, ɗayanmu kuma ba ya gani. Allah Ya ara mini ƙafar da zan kai, Ya ba ni zuciyar da zan sauko in faɗa wa mutanen Shalgo abin da na tarar. Amin.